Filin Tambaya da Amsa: Yaya Sabar Ke Gane Saurin Intanet ɗin Mai Ziyara?

Tambayoyin wannan fitowar duk sun taru a kan abu guda, wato yadda mai shafin intanet zai san ƙarfin netwok ɗin wanda ya shigo masa, domin ya tura masa abin da layinsa zai iya ɗauka.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina kula da wani shafi mai hotuna da yawa. So nake masu raunin netwok su riƙa samun ƙananan hotuna, masu ƙarfi kuma su samu manya. Akwai yadda sabar za ta san saurin mutum tun daga buƙatarsa ta farko? Daga wani mai gina shafuka.

Amsa: Wa'alaikumus salam. Malam, a buƙatar farko babu inda aka rubuta saurin mutum. Abin da ke isowa sabar, wato kwamfutar da ke riƙe da shafinka, shi ne adireshin IP (lambar da ke nuna inda ya fito a intanet), da irin burauzar (manhajar buɗe shafuka) da yake amfani da ita, da shafin da yake nema. Bayanin burauzar zai iya nuna maka cewa waya ce, amma wayar nan tana iya zama a kan Wi-Fi mai gudun megabit 200 a sakan, ko a kan layin da ko kilobit 100 ba ya kaiwa.

Kafin mu yi nisa, a raba abubuwa biyu da jama'a ke haɗa su su kira sauri. Akwai jinkiri, wato lokacin da saƙo ke ɗauka ya je ya dawo, wanda ake aunawa da milisakan, ake kuma taƙaita sunansa da RTT. Akwai kuma yawan datar da layi ke iya kwasowa a sakan guda. Ɗaya ba ya nuna ɗaya. Intanet ɗin tauraron ɗan'adam da ke tsaye a nisan kilomita 35,786 yana da jinkirin da ya kai wajen milisakan 600, amma yana iya sauke megabit gommai a sakan. Shafi mai ƙananan fayiloli birjik jinkiri ne ke gurgunta shi, babban hoto ko bidiyo kuwa yawan data ne damuwarsa.

Hanya mafi sauƙi ita ce ka roƙi burauzar ta faɗa maka abin da ta gani. A amsar sabar ta farko ka saka wannan layi a kanun saƙo, wato bayanan da ke zuwa a gaban kowace buƙata ko amsa: `Accept-CH: ECT, RTT, Downlink`. Daga nan burauzar da ta san wannan tsari za ta riƙa maƙala lambobi uku a buƙatun da za su biyo baya, misali `ECT: 3g`, `RTT: 300`, `Downlink: 0.7`. Na farko ajin layin ne, na biyu jinkiri a milisakan, na uku megabit a sakan. Azuzuwan huɗu ne. Idan jinkiri ya kai milisakan 2000 ko saukewa ba ta wuce kilobit 50 ba, `slow-2g` ke nan. `2g` yana farawa daga milisakan 1400 ko kilobit 70, `3g` daga milisakan 270 ko kilobit 700, duk abin da ya fi haka kyau kuma `4g` ne. Kada sunayen su ruɗe ka, ba irin sabis ɗin da waya ta kama suke nufi ba. Wi-Fi mai cunkoso zai iya fitowa a `3g`.

Ga inda ake tuntuɓe. Sai shafin yana kan HTTPS abin zai yi aiki. Shafin farko ba zai zo da lambobin ba, hotunan da ke cikinsa ne za su zo da su, kuma a naka aikin wannan ya wadatar. Idan hotunan a wani adireshi daban suke, dole ka ba da izini da `Permissions-Policy`, ka ambaci `ch-ect` da sunan wancan adireshin, in ba haka ba burauza ba za ta kai masa komai ba. Sannan duk hoton da ka sauya bisa ajin layi ka haɗa shi da `Vary: ECT`, don kada ma'ajiyar da ke tsakani ta ajiye ƙaramin hoto ta yi ta raba wa kowa. Kada ka yi `Vary` a kan `RTT` ko `Downlink`, domin lambobinsu suna da yawa, ma'ajiyar za ta cika da kwafi barkatai ta daina amfani.

Babbar matsalar ita ce Chrome da danginta irin su Edge da Opera da Samsung Internet ne kawai ke aiko waɗannan lambobi. Safari da Firefox ba sa yi, kuma Chrome ɗin iPhone galibi a kan injin Safari take gudu, ita ma ba ta yi. Ko a inda ake aikowa, da gangan ake dusashe lambobin don kada a riƙa bin sawun mutane da su: ƙa'idar ta ce a zagaye su zuwa ninkin 25, Chrome kuma ba ta nuna abin da ya haura megabit 10. Saboda haka ka shirya wa wanda bai aiko komai ba hoto matsakaici. Idan kuma ka ga `Save-Data: on`, wannan mutumin da kansa ya ce a tausaya wa datarsa, ka ba shi ƙaramin hoto komai ƙarfin layinsa.

Tambaya: Malamai, ina amfani da manhajar sabar nginx. Na raba `$bytes_sent` (yawan bait ɗin da aka aika) da `$request_time` (lokacin da buƙatar ta ɗauka) don in sami saurin kowane mai ziyara, sai nake ganin masu waya suna da megabit 400 ko 500 a sakan. Na san ba gaskiya ba ne. Ina kuskuren yake? Daga wata mai kula da sabar.

Amsa: Malama, lissafinki daidai ne, agogon ne ke tsayawa a inda bai kamata ba. A wurin nginx, an gama aikawa da zarar ta miƙa bait na ƙarshe ga tsarin Linux. Shi kuma Linux yana da ma'ajiyar jira ga kowane haɗi, inda data ke zama kafin ta bi waya. Kamar wanda ya kai kaya tasha ne, ya damƙa wa direba, ya rubuta cewa kaya sun isa alhali mota ba ta ma tashi ba. Fayil mai bait 60,000 da ya shige ma'ajiyar cikin milisakan 1 zai ba ki megabit 480 a sakan, saurin kwafe data a cikin ƙwaƙwalwar injinki ke nan. Ki duba `net.ipv4.tcp_wmem`, za ki ga ma'ajiyar tana farawa daga kilobait 16, tana kuma iya girma da kanta har megabait 4 a injin da ke da isasshiyar ƙwaƙwalwa. Duk fayil ɗin da bai ninka wannan sau da yawa ba, lambarsa ba abin dogaro ba ce.

Wasu kan rage ma'ajiyar da `sndbuf` don lissafi ya matso gaskiya. Ba ma ba da wannan shawarar. Idan datar da ke kan hanya ba za ta wuce kilobait 64 ba, jinkiri kuma milisakan 200 ne, kin ɗaure kowa a kan kusan megabit 2.6 a sakan. An ɓata wa mutane gudu don a auna gudunsu.

Abin da ya fi shi ne ki tambayi TCP ɗin kansa, wato tsarin da ke jigilar data tsakanin sabar da mai ziyara, domin shi ne ke karɓar shaidar isar kowane ƙunshin data. nginx tana da `$tcpinfo_rtt`, `$tcpinfo_rttvar` da `$tcpinfo_snd_cwnd`, ki zuba su a cikin `log_format`. Ki lura `$tcpinfo_rtt` a maikrosakan yake, sai kin raba da 1000 kafin ki sami milisakan. Wannan lambar tana nan tun daga gaisuwar buɗe haɗi, wato ita kaɗai ce awon gaske da sabar ke da shi a buƙatar farko, ba tare da ta roƙi burauza komai ba, kuma kowace burauza ce. `$tcpinfo_rttvar` yana nuna yadda jinkirin ke hawa da sauka. Layin waya da Wi-Fi mai cunkoso suna da babban tangal-tangal, kuma sau da yawa shi ya fi jinkirin kansa tona asirin layi mara kyau.

Yawan datar da ke isa kuwa yana cikin `tcpi_delivery_rate`, wanda ya shigo Linux a sigar 4.9 a shekarar 2016. nginx ba ta fito da shi a matsayin abin rubutawa a kundinta ba, amma manhajar da ke riƙe da haɗin za ta iya karanta shi da `getsockopt` da `TCP_INFO`, a bait cikin sakan. Don ki gani da idonki, ki buga `ss -ti` yayin da ake sauke babban fayil. Idan kin ga `app_limited` a gefen lambar, ma'anarsa sabar ce ba ta ba layin isasshiyar data ba, don haka layin zai iya fin abin da aka nuna.

Ƙari biyu. `$request_time` ya haɗa har da lokacin da manhajarki ta ɓata tana haɗa amsa, sai an cire `$upstream_response_time`. Sannan duk wannan bayani na TCP bai shafi HTTP/3 ba, domin shi a kan QUIC da UDP yake tafiya, kuma lissafin jinkirinsa a cikin manhajar sabar yake.

Tambaya: Na bi wannan hanyar ta `$tcpinfo_rtt`, amma kowa milisakan 1 zuwa 3 yake nunawa, ko daga ina ya zo.

Amsa: Akwai wani abu tsakaninka da masu ziyara, ko CDN, wato sabobin da ke raba wa mutane shafinka daga kusa da su, irin su Cloudflare da Fastly, ko injin rarraba nauyi. Haɗin mai ziyara a can yake ƙarewa, wani sabo ya taso zuwa gare ka, wannan na biyun kake aunawa. Dole awon ya koma inda haɗin farko ya tsaya, a turo maka sakamakon a kanun saƙo. Idan injin gaban naka ne kuma nginx ce, `proxy_set_header` zai ɗauko maka lambar. Idan na wani kamfani ne, ka duba ko suna bayar da ita, in ba sa yi sai ka koma awo daga burauza. Wasu kamfanonin tauraron ɗan'adam da na waya su ma suna yanka haɗin TCP a tsakiya don su hanzarta shi, sai ka ga jinkirin ya yi ƙasa da na gaskiya. Wannan babu maganinsa daga ɓangaren sabar.

Tambaya: Assalamu alaikum. Na rubuta JavaScript da ke sauke fayil mai kilobait 100, ya auna lokaci, ya tura wa sabar. A layin da Speedtest ke nuna megabit 50, nawa megabit 1 da ɗoriya yake nunawa. Wani lokacin kuma ya nuna dubbai. Daga wani ɗalibin kimiyyar kwamfuta.

Amsa: Wa'alaikumus salam. Ɗan'uwa, matsaloli biyu ne daban. Mu fara da dubban, don ita ce mai sauƙi: ko dai fayil ɗin daga ma'ajiyar burauza ya fito, ko kuma an matse shi a hanya. Ka kira shi da `fetch` tare da `cache: 'no-store'`, ka liƙa wata lamba mai sauyawa a ƙarshen adireshin don ma'ajiyoyin tsakani. Fayil ɗin kuma kada ya zama sifiri zalla ko rubutu mai maimaituwa, domin tsarin matse data irin su gzip ko Brotli za su mayar da kilobait 100 ɗinsa 'yan ɗaruruwan bait. Ka haɗa shi da datar da ba ta matsuwa, misali `head -c 2M /dev/urandom`.

Ƙarancin kuwa daga ɗabi'ar TCP yake. Sabon haɗi ba ya sanin abin da layi zai ɗauka, don haka yana farawa da kaɗan. A yawancin injina yau zubin farko ƙunshi 10 ne, kusan kilobait 14.6, kuma duk zagayen zuwa da dawowa yana ninkawa. Zagaye na farko 14.6, na biyu 29.2, na uku 58.4, jimla kilobait 102. Fayil ɗinka ya ƙare a zagaye uku. Idan kowane zagaye milisakan 200 ne, sakan 0.6 ke nan, kilobit 800 a raba da 0.6 ya ba da megabit 1.3. Jinkirinka ka auna, layin bai ma fara gumi ba. Kafin layin megabit 50 mai jinkirin milisakan 200 ya cika, sai an sami megabait 1.25 a kan hanya lokaci guda. Shi ya sa Speedtest da Fast.com suke buɗe haɗi da yawa, su yi daƙiƙoƙi suna jan data.

Idan lallai sai ka yi awon, ga yadda za ka gyara shi. Ka karanta amsar gutsure-gutsure da `response.body.getReader()`. Ka tayar da agogon `performance.now()` bayan gutsuren farko ya iso, domin lokacin neman adireshi da gaisuwar tsaro ta TLS da farkawar rediyon waya ba su cikin abin da kake nema. Ka fara da ƙaramin fayil, idan ya ƙare cikin ƙasa da rabin sakan ka gwada mai kilobait 500, sannan mai megabait 2, ka kuma yanke da `AbortController` idan an kai sakan 3, ka yi lissafi da abin da ya sauka. Kada awon ya tashi sai shafi ya gama buɗewa, in ba haka ba yana rige-rige da hotunanka. Ka watsar da sakamako idan `document.visibilityState` ya nuna mutum ya bar shafin. Ka ninka bait da 8 don ka sami bit, wannan ƙaramar mantuwa ta sha ɓata lissafin mutane.

Amma a ganinmu bai dace a ƙona wa mai raunin layi megabait biyu don a tabbatar da cewa layinsa mai rauni ne ba. Shafinka ya riga ya sauke hotuna, kuma burauza ta riga ta auna su. `performance.getEntriesByType('resource')` zai ba ka kowane fayil da `transferSize`, `responseStart` da `responseEnd`. Ka ɗauki mafi girma, ka ninka `transferSize` da 8, ka raba da tazarar lokutan biyu. Tunda lokacin a milisakan yake, amsar kai tsaye kilobit ce a sakan. Ka tsallake waɗanda `transferSize` ɗinsu sifiri ne, daga ma'ajiya suka fito, ko kuma daga wani adireshin da bai saka `Timing-Allow-Origin` ba. A kan HTTP/2 hotuna da yawa kan raba haɗi ɗaya lokaci guda, sai ka tara bait ɗin waɗanda suka sauka tare ka raba da tsawon lokacinsu gaba ɗaya. Lambar da za ka samu ƙasa take da ainihin ƙarfin layin, amma don rarrabe mai rauni da mai ƙarfi ta isa. Ka aika ta da `navigator.sendBeacon`, ko ka ajiye ajin a cikin kuki (ɗan bayanin da shafi ke ajiyewa a burauza) mai ɗan gajeren wa'adi, kamar minti goma, domin wanda ke kan Wi-Fi yanzu zai iya fita ya koma kan datar waya.

Tambaya: Ba za a iya gane sauri daga adireshin IP ba?

Amsa: Irin layin za a iya hasashe, saurinsa ba za a iya ba. Kamfanoni irin su MaxMind suna da kundin da ke nuna ko adireshi na kamfanin waya ne, ko na layin gida, ko na ma'aikata, ko na tauraron ɗan'adam. Sai dai kamfanin waya kan tara dimbin mutane a bayan adireshi guda, wani a gindin turken sabis, wani a inda sanda ɗaya ke zuwa tana ɓacewa. Mai VPN kuma adireshin VPN ɗin za ka gani. Aika `ping`, wato saƙon gwajin jinkiri, daga sabar ma ɓata lokaci ne, ko dai a toshe shi, ko wani injin kamfanin ya amsa a madadin wayar.

Tambaya: Malam, mu darussa muke ɗorawa na bidiyo. Muna so mu auna saurin ɗalibi idan ya shigo, sai mu zaɓa masa 720p ko 360p. Wace hanya ce ta fi dacewa cikin waɗannan? Daga wani malami mai koyarwa ta intanet.

Amsa: Malam, ga bidiyo kada ka ɗauki ko ɗaya. Darasin minti arba'in ya fi ƙarfin awon sakan uku, layin zai sauya sau da dama kafin a gama. An riga an warware wannan da HLS, wanda Apple ta fitar a 2009, da MPEG-DASH, wanda ya zama ƙa'idar ƙasa da ƙasa a 2012. Ana sarrafa bidiyon zuwa matakai, a ce 240p a kilobit 400, 480p a kilobit 1,200, 720p a kilobit 2,800, a yanka kowane mataki guntu-guntu na 'yan daƙiƙoƙi. Apple sakan 6 take ba da shawara. Manhajar kallon da ke wayar ɗalibi ita ke auna lokacin da kowane guntu ya ɗauka, ta duba daƙiƙoƙin bidiyo nawa ta tara a gaba, ta zaɓi matakin guntu na gaba. Sabar fayiloli kawai take miƙawa. Manhajar kallo ta hls.js, alal misali, ba ta hawa mataki na sama sai kashi 70 cikin 100 na saurin da ta auna ya isa ɗaukarsa.

FFmpeg, manhajar sarrafa bidiyo, zai yi maka yankan da `-hls_time 6`. Kuskuren da aka fi yi shi ne barin cikakkun hotunan da ake fara guntu da su su faɗo a wurare daban-daban a kowane mataki, sai bidiyo ya yi tsalle ko ya daskare lokacin sauya mataki. Ka ɗaure tazararsu iri ɗaya a dukkan matakai: ga bidiyo mai hoto 30 a sakan, `-g 60 -keyint_min 60 -sc_threshold 0` zai sa su faɗo duk sakan 2. Ka kuma sa mataki mafi ƙasa ya yi ƙasa da gaske. Ga darasi, har matakin murya zalla yana da amfani, domin ɗalibin da hoto ya yanke masa yana jin bayani bai rasa darasin ba.

Idan kana so sabar ta san halin da ɗalibai ke ciki don ka gyara matakanka, ka kunna CMCD, wata ƙa'ida ta shekarar 2020 da hls.js da dash.js da Shaka Player duk suke goyon baya. Da ita manhajar kallo ke maƙala wa kowace buƙata `mtp`, wato saurin da ta auna a kilobit, da `bl`, tsawon bidiyon da ta tara a milisakan, da `br`, kilobit nawa a sakan guntun da take nema ke ci. Ka rubuta su a kundin sabar na mako guda. Idan ka ga `bl` na yawan faɗuwa kusa da sifiri ga waɗanda suke kan mataki mafi ƙasa, to 240p ɗinka ma ya yi musu nauyi, sai ka ƙara wani a ƙarƙashinsa. Ka kuma bar maɓallin zaɓen mataki a fili, saboda akwai ɗalibin da layinsa zai ɗauki 720p amma datarsa ta wata ba za ta ɗauka ba, kuma wannan babu awon da zai nuna maka shi.